Baffa da Tabkin Bukar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wani masunci ne ya kawo mana labarin da hantsi, a kwalekwale, domin ambaliya ta cinye hanyar Auyo: Baffana, Malam Ilyasu, ya cika. Masuncin ya faɗa, aka miƙa masa fura, ya shanye tas. Ban ga laifinsa ba.

Baffa ne ya koya mini karatu da rubutu, kuma bai taɓa bari na manta da hakan ba. Sana'arsa kuwa a wurin wani Bature matafiyi ya tsince ta, wanda ya biyo ta nan daga Barno yana tambayar sunan kowane tabki da tudu, yana zanawa a takarda. Bature ya wuce, Baffa ya kai wa hakimi dabarar, hakimi ya ɗora shi a kan aikin. Tun daga nan ya shiga fadama da alƙalami, daga Auyo har Kirikasamma, yana tsayar da masunta da makiyaya: "Wannan ruwan, me kuke ce masa?"

Mutum ne mai tsafta. Sunan da bai yi masa daɗi a baki ba, na Badawa ne ko na Barebari, sai ya wanke shi ya sa wani. Yakan ce, "Ruwa ba shi da baki, abin da aka rubuta shi ne sunansa."

A ƙasarmu, gidan da tabki ke amsa sunansu su ne ke buɗe kamun kifi idan ruwa ya janye, kason farko nasu ne. Baffa ya san wannan sarai. Akwai Tabkin Bukar, wanda wata tsohuwa, Ya Gana, ke ciyar da jikokinta marayu da shi. Bukar kakan mijinta ne. Ranar da Baffa ya je, ta shimfiɗa masa tabarma, ta ba shi kifi banda, ta faɗa masa sunan da bakinta. Ya rubuta Tabkin Barde, sarautar surukin hakimi. Da rani ya yi, bayin Barde ne suka fara jefa taru.

Ya Gana ta zo har zauren Baffa. Ina bayan zana, ina ji.

"Malam, ka ci kifinsa fa."

"Na ci, Iya. Hayaƙi ya yi masa yawa."

"Kowa ya san na Bukar ne."

"To kawo mini kowa, ya nuna mini a takarda."

Manyan jikokin nata yanzu ƙwadago suke yi a ruwan kakansu. Ƙaramin bai kai damina da rai ba.

Ranar sadakar ukun Baffa sai ga Ya Gana, tana dogara sanda. Ta yi gaisuwa yadda ake yi, ba ta rage komai ba. Sannan ta matso kusa da ni.

"'Yar nan, an binne shi da takardar?"

"A'a, Iya. Tana gidan hakimi."

"Ashe bai mutu ba."

Ta ajiye gumbar da aka ba ta a gefen tabarma, ta miƙe.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya yi masa da rahama ba da adalci ba, domin rahamar yake buƙata. Allah Ya sauƙaƙa masa tambayar kabari, Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya raya marayun da ya bari, na cikin gidansa da na bakin tabki. Amin.