Yatsan Shigeto

Mijina Shigeto direban jirgin ƙasa ne, na lantarkin nan mai kwasar ma'aikata zuwa Osaka da safe, wanda ko kallon ƙananan tashoshi ba ya yi. Tun yana saurayi aka koya masa: in ya hango danja, ya nuna ta da yatsa, ya faɗi launinta da ƙarfi. Abin ya bi jikinsa, har murhun gas ɗina sai ya nuna ya ce, "A kashe yake!" Na sha yi masa tsiya a kai.

Da ya doshi sittin sai na lura yana tsiyaya shayi a gefen kofi. Jarida kuwa ya ce ƙaryarta ta yi yawa, ya daina karantawa. Tun daga nan na fara zargin idanunsa.

Ran nan na sayi kujerar gaba ba da saninsa ba, inda gilashi kaɗai ya raba fasinja da direba. Muka doshi wata kwana a guje. Sai na ga farar safar hannunsa ta ɗaga ta yi nuni, alhali danjar ba ta ma fito daga bayan tudu ba. Da ta fito, koriya ce. Na waiga: mutane reras suna barci, wata mai ciki ta rungume jakarta. A Osaka na sauka na juyo gida.

Da yamma na ajiye masa shinkafa da miyar miso.

"Baban Chieko, me ka nuna ɗazu a kwanar nan?"

"Ke, yaushe aka ba ki sufeto? Kullum koriya ce."

"Ranar da ta zama ja fa?"

"Hanyar nan na san ta kamar yunwar cikina. Ci abincinki."

Ya ajiye tsinken cin abincinsa, ya ture kwanon gefe. Ashe shi ma tsoron yake ji.

Washegari na buga wa ofishinsu waya, na faɗa musu abin da na gani. Likita ya duba shi, ya ce yanar ido ce ta rufe masa gani. An yi aiki, ido ya buɗe, amma ba su mayar da shi tuƙi ba, sai tsaron ƙofar tasha.

Ya san ni ce na kai ƙararsa, bai kuma taɓa ɗaga mini murya ba. Ranar ritayarsa aka kawo furanni, direbobi suka jeru da matansu za a ɗauki hoto. Na gyara gashina na matso kusa da shi. Ya rusuna mini a ladabce, kamar baƙuwa.

"Ke riƙe mana kyamarar," in ji shi.