Yadda Teburin Caji Ya Mai Da Ni Malamin Duba

Kafin in lalace, ni mai cajin waya ne a bakin titi wajen Ƙofar Ruwa. Teburi ɗaya, ƙaramin janareta, sai furfura. Furfurar ce babban jarina, don kowa ya gan ta sai ya ce "Baba" ya miƙo waya. Karatu kuwa, a allo ban wuce izu biyu ba, a boko ko sunana sai na yi gumi nake haɗa shi.

In an ɗauke wuta, mutanen unguwa su kawo waya su ajiye su tafi harkarsu. Yawanci ba a kulle take ba. Masu kullewa ma sukan faɗa mini lambar, wai ko za a kira su. Rubutu bai dame ni ba, tunda ba na karanta shi. Amma mutanenmu ba rubutu suka fi yi ba, saƙon murya suke turawa. Kunne kuwa ba ya zuwa makaranta.

Da farko don nishaɗi nake saurara. In ji wani Alhaji da ke tsare gida a masallaci yana lallashin matarsa, in yi dariya ni kaɗai. A hankali na san mai ciwon da yake ɓoyewa, na san wadda aurenta ke rawa. Sai shaiɗan ya ce mini, "Wannan ilimin fa mutane suna biya a faɗa musu shi." Na zuba yashi a faifai a zauren gidana da ke Dala, na nemo dogon carbi. Da safe ni ne Baba mai caji, da la'asar ni ne Malam. Saƙon da ya yi mini, in tura shi wayata in haddace, in goge.

A cikin waɗanda na cuta akwai Inna Hassu mai markaɗe, ita ma a teburina take cajin waya. Ɗanta Sabitu ya bi hanyar Libiya, shekara uku shiru. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa a gaban kowa. A waya kaɗai take kira. Kullum da safe sai ta tura saƙo ga lambarsa da ta daɗe da mutuwa, tana tuna masa tabon ƙunar ƙafarsa ta hagu da rigar da ya bari a ƙusa.

Ranar da ta zo zaurena, na zana yashi na ce, "Inna, ga yaro nan da tabo a ƙafar hagu. Ga riga a rataye tana jiran mai ita."

Ta matso bakin faifan. Ta ce, "Malam, yana raye?"

Na ce, "Da ransa, hanyarsa ce a ɗaure. Sai an yi aiki."

Aikin ya cinye 'yan kunnenta, ya cinye injin markaɗen. Daga baya wani abokin tafiyarsa ya dawo ya ce da hannunsa ya binne Sabitu a sahara. Ta ƙi karɓar gaisuwa, ta hana a yi sadaka. Ta ce Malam ya gani.

'Yarta Binta, malamar firamare, ita ta kai ni wajen 'yan sanda. Na shiga ina jan carbi, don na san na goge komai. Jami'in ya juya wayata ya ce, "Baba, ka goge ko?"

Na ce, "Yallaɓai, ni ko kunna ta sai an taya ni."

Ya ɗan latsa, sai ga muryar Inna Hassu ta cika ofis. Ya ce, "Ranar da ka sayi wayar nan ka yi ta danna 'na yarda' ba ka san me ka yarda da shi ba. Tana ajiye kwafi a rumbun kamfani, har wuraren da ka taka." Ashe ni mai leƙen asirin unguwa, akwai wanda ya fi ni dogon wuya.

Na yi zamana a gidan yari, na fito da tari da rabin haƙora. Ban je gida ba sai da na je gidan Inna Hassu neman gafara. Binta ta same ni a soro ta ce, "Ka makara, Baba." Ta kunna mini saƙon ƙarshe da Inna ta tura: "Sabitu, Malam ya ce kafin azumi za ka iso. Na share maka ɗaki."

Na tuba, ina kuma roƙon Allah, amma wadda za ta yafe mini tana ƙasa.

Yara, ku kulle wayarku, kada ku ba kowa lambar, ko furfurarsa ta kai ƙirji. Duk manhajar da ta nemi jin muryarku, ko hotunanku, ko inda kuke, ku tambayi kanku me za ta yi da su, in ba dalili ku hana. Ku duba wa iyayenku nasu. Ni da kunne biyu na yi wannan ɓarnar, kuma an kama ni. Masu rumbun can ba wanda ya san yawan kunnuwansu. Kada kuma ku saurari abin da ba ku aka tura wa ba. Ni na saurara, ga shi har yau kowace safiya ina jin tana kiran sunansa.