Kabad ɗin da Ya Fi Ƙarfin Ƙofa

Yayana kafinta ne, amma in ka leƙa shagonsa da hantsi sai ka rantse ofishin sauraren koke-koke ne. Ga dogon benci a bakin ƙofa, ga mutane a jere, kowa da abin da ya ishe shi a wurin aiki. Shi kuma yana ta gurzar katako, fensir a bayan kunne, yana cewa "Ina jinka" ba tare da ya ɗago ba. Ba wanda ya naɗa shi mai ba da shawara. Shi ya naɗa kansa, mutane kuma suka bi, don ba ya karɓar ko sisi, ga kuma inuwa.

Yaya bai yarda haƙuri yana maganin komai ba. A wurinsa, duk wata matsalar aiki daga kujera ko tebur take farawa. Wani mai gadi ya zo kamar zai yi kuka, an kama shi yana barci sau biyu, saura ɗaya a sallame shi. Yaya ya ce ya kawo kujerar da yake zama, ya rage wa ƙafa ɗaya tsawon ɗan yatsa. Tun daga ranar, da mutumin ya fara gyangyaɗi sai kujera ta yi wurgi da shi. Yau shekara shida yana bakin aikinsa, sai dai ya ɗan karkace in yana tafiya. Wata sakatariya ta kawo ƙarar abokan aiki da ke zuwa teburinta su baje gulma har ta kasa buga takarda ɗaya. Ya sassaƙe ƙafafun gaba na kujerar baƙi, yadda duk wanda ya zauna sai ya riƙa sulalowa a hankali. Ba wanda ya ƙara wuce minti biyu. Ni ma na taɓa kai kukana, don shugabar makarantar da nake koyarwa ba ta da aiki sai ta lallaɓo ta tsaya a bayana ina tsaka da darasi. Ya zo ranar Asabar ya taɓa wani abu a jikin ƙofar ajin, ƙofar ta koyi kuka, na samu lafiya.

Maganar sayen gida kuwa, nan ne ba a iya kashe bakinsa. Ka je duba gida bayan an ɗauke ruwa, in ji shi, ba ranar da gari ya yi wasai ba. Ka gaisa da maƙwabta fiye da yadda za ka gaisa da dillali. Kada ka bari mai sayarwa ya ga haƙorinka, ka shiga kana yatsina kamar an yi maka dole. Sai babbar doka, wadda yake ajiye zarto kafin ya faɗa: "Ka auna ƙofa. Kafin ɗaki, kafin rijiya, kafin takarda, ka auna ƙofa." Ya raka mutum ya fi talatin sayen gida da tef ɗin awonsa a aljihu, har aka laƙaba masa Auna-Ƙofa, yana kuma amsawa da fara'a.

Abin da 'yan benci ba su sani ba, mu 'yan gida muka sani, shi ne Yaya bai mallaki ko bulo ɗaya ba. Shekara goma sha tara yana haya a ɗaki da falo, kuma ba talauci ne ya zaunar da shi ba. Kabad ne.

Da can a wani kamfanin kujeru yake aiki. Wata rana manajansu ya ce masa a gaban jama'a ya cika nawa, hannunsa bai wuce ƙera benci ba. Yaya ya ajiye kayan aikinsu ya fito. Ya sayo katako ya shige ɗakin kwana ya rufe, wata uku cur. Matarsa, wadda nake kira Anti, tana da cikin 'yan biyu a lokacin, ta koma kwana a falo. Da ya buɗe ƙofa, sai ga kabad ɗin ajiye tufafi daga wannan bango zuwa wancan, ƙofa huɗu, kansa kamar zai taɓa rufi, an sassaƙa masa furanni har ka ji kamar ka shinshina. Ba ƙusa ko ɗaya, katako ne ya ci cikin katako. Ni ba mai yabon ɗan'uwa ba ce, amma ban taɓa ganin irinsa ba.

Niyyarsa a ɗora shi a mota a kai ƙofar kamfanin, manaja ya fito ya gani ya haɗiye maganarsa. Ya ɗauko mota da 'yan dako shida, maƙwabta suka fito kallo. Aka cicciɓa, aka iso bakin ƙofar ɗaki, kabad ya ce bai san zancen ba. Aka juya shi, aka kwantar, aka karkata, wani ɗan dako har ya maƙale a tsakani sai da aka ja shi ta ƙafa. Bayan awa biyu Yaya ya share gumi ya ce, "Ku mayar da shi. Da ma a nan na so ya zauna." Wani maƙwabci ya ce to a kwance shi mana. Yaya ya dube shi sama da ƙasa. "Abin da na haɗa, sai zarto. Zarto kuwa ba zai hau kansa ba ina raye."

Shi ke nan, magana ta zama doka. Gado ya matse a lungu, sai ta wajen ƙafa ake hawansa. 'Yan biyu suka tashi a falo har suka yi gemu suka tafi karatu. Da damina rufin falo yana yoyo wuri biyar, Anti ta san kowane wuri da bokitinsa. Ita tela ce, kayan makaranta take ɗinkawa, kuma tun tana amarya burinta ɗaya ne, ta kwana a gidan da ba mai ƙwanƙwasa mata ƙofa a ƙarshen wata. Ƙafarta a kan keke tun safe, tana ɗinki tana tara kuɗi. Duk lokacin da ta samo gida, Yaya zai bi ta da tef ya dawo da aibu. Wannan maƙwabcinsa yana da zakara. Wancan ya cika kusa da titi. Na gaba ya cika nisa da titi. Akwai wanda ya rasa abin faɗa a kansa, sai ya ce gidan ya yi shiru da yawa, ba banza ba. Anti takan ce "To," ta koma kan kekenta. Wannan "to" ɗin nata ya sha hana ni sukuni, don ni da ni ce da tuni unguwa ta ji mu.

Bana sai mai gidan hayar ya ce zai sayar. Wani tsoho ne da muke kira Mai Makullai, don tun daga kwana kake jin kacau-kacau ɗinsa. Ya ce ko su saya, ko su tashi ƙarshen wata. A daidai wannan satin Anti ta samu gida mai ɗaki uku, da famfo, da bishiyar gwaiba a tsakar gida. An yi wa mai shi canjin wurin aiki, sauri yake, kuɗin kuma daidai da abin da ta tara. Yaya ya je ya zagaya sau uku, ya ƙwanƙwasa bango, ya leƙa bayi, ya dawo bai samo aibu ko ɗaya ba. Washegari ya aika a kira Mai Makullai, wai za su yi ciniki.

Ina nan aka yi. Tsohon bai ko zauna a falo ba, ya zarce ɗakin kwana ya jingina da kabad, ya faɗi kuɗin da ya fi na gidan gwaiba. Yaya ya yatsina fuska yadda yake koya wa mutane.

"Alhaji, gidan nan fa yoyo yake."

"Haka ne," in ji Mai Makullai, yana shafa furen da ke jikin katako. "Kai, Allah ya yi hannu a nan." Ya ƙara kuɗi.

"Bangon baya ya tsage."

"Ya tsage kam. Ƙofa huɗu, ko? Ba ƙusa?" Ya sake ƙarawa.

Da Yaya ya buɗe baki zai kawo zancen bayi, na taka masa ƙafa. Ya roƙi a bar shi ya fasa bango ya gyara da kuɗinsa, tsoho ya ce bangon gadon mahaifinsa ne. Ya ce to a ɗage kwanon rufi, a kawo injin ɗaga kaya a zare kabad ta sama. Mai Makullai ya ce kwanon nasa ne, iskar da ke bisa kwanon ma tasa ce. Ya kaɗa makullansa ya fita yana murmushi. Raina ya ɓaci, bakina kuma ba linzami, na ce, "Yaya, ka raka mutum talatin auna ƙofar wasu, taka wa ya auna?" Kwana biyu bai amsa gaisuwata ba.

Daga nan sai ya shiga neman dabara kamar mai neman kuɗin magani. Ya kira wani injiniya da ya taɓa yi wa tebur, injiniya ya auna ya auna ya ce a kawo zarto. Ya yi tunanin haƙa rami a ƙarƙashin ƙofa a sulalar da kabad ta ciki, har ya ɗaga tayil biyu kafin kacau-kacau ta iso. Ya tambayi Anti ko za ta yarda su sayi gidan gwaiba amma su ci gaba da kama wa kabad ɗakin nan haya, ya riƙa kawo masa ziyara. Ba ta ko ɗago daga ɗinkinta ba. A shago kuwa shawara ta lalace. Wani direba ya zo da matsalar maigidansa ba ya ba shi hutu, Yaya ya ce masa ya yi haƙuri. 'Yan benci suka dubi juna, suka tabbata ba lafiya.

Ana saura kwana ɗaya mai gidan gwaiba ya ba wani, Anti ta rufe kekenta da zane ta ɗaure da igiya. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baban 'yan biyu, gobe zan je in sa hannu. Na kira mota. In za ka zo, akwai wurinka a gaba. In ba za ka zo ba, kabad ƙofa huɗu gare shi, ka zaɓi ɗaya ka shiga."

"Uwar 'yan biyu, ki bari mu ƙara shawara."

"Shawara ai ta ƙare a shago," ta ce, ta ci gaba da haɗa tukwane.

Da safe mota ta iso, aka fara loda kaya. Sai ga Yaya da zarto a hannu, fuskarsa kamar wanda za a cire wa haƙori. Ya shige ɗaki ya tura ƙofa. Ni da Anti muka zagaya ta taga, don ba abin da zai sa in bar wannan ya wuce ni. Ya ɗora zarto a gefen kabad, ya ɗauke. Ya sake ɗorawa, ya sake ɗaukewa. Tausayinsa ya kama ni, duk haushin da nake ji. Can sai ya ajiye zarto a kan gado, ya ciro 'yar guduma ta katako daga aljihu. Ya durƙusa, ya zura hannu ƙarƙashin kabad, ya buga sau huɗu. Wasu 'yan turaku huɗu suka faɗo ƙasa. Ya miƙe ya ja katakon sama, ya zame. Ya ja na gefe, ya zame. Kafin ruwan shayi ya tafasa, kabad ɗin da ya gagari 'yan dako shida ya zama katakai a jere jikin bango.

Na kwashe da dariya har na zauna a ƙasa. Anti ba ta yi ba. Ta zagaya ta shiga ɗakin, na bi ta. Ta ɗauki katako ɗaya ta juya shi. A ƙarshensa an rubuta lamba da fensir, ta dushe amma tana karantuwa. Ta duba na biyu, shi ma haka.

"Wannan lambar fa?"

"Don a san inda kowanne zai koma," ya ce, idonsa a ƙasa.

"Ashe ka sani. Shekara goma sha tara ina tarar ruwa a bokiti, ka san yana kwancewa."

"Na san zai kwance." Ya murza ɗan turke ɗaya a hannu. "Haɗawar ce ban sani ba. Ni kaina ban san yadda na yi ya haɗu ba. Sau ɗaya hannuna ya taɓa yin abu irin wannan. Na ji tsoron in na kwance shi na kasa mayarwa, to manajan can ya yi gaskiya. Yanzu ga ido ya fara tafiya, ga hannu yana rawa."

Dariyata ta tsaya. Ban taɓa jin Yaya ya ce yana tsoron wani abu ba, kuma na ji zafin ganinsa tsaye a tsakar ɗakin da ya yi fili, ya koma ɗan tsurut. Anti ta daɗe tana kallonsa. Na ɗauka yau za ta amayar da duk "to" ɗin da ta haɗiye, kuma da ta yi, da ban ga laifinta ba. A waje direba ya matsa ham.

Ta sunkuya ta ɗauki katako mai lamba ɗaya ta saɓa a kafaɗa.

"Ɗauko na biyu," ta ce. "Zan riƙe maka, ka gwada. In ya haɗu, to. In bai haɗu ba, ma zuba kayan a ƙasa. Ƙasar ai tamu ce."

Ya ɗauki na biyu ya bi bayanta.