Ramin da Ke Kujerar Baba

Shekara talatin da ɗaya Na-Soso ya yi yana yi wa kujeru sabuwar riga, kuma bai taɓa ɗora sabon yadi a kan tsohon soso ba. Haka mahaifinsa ya koya masa: a tuɓe kujera har sai katako ya fito fili, sannan a fara aiki. Da kujerun ofis masu juyawa ya soma, daga baya ya faɗa na falo. Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa. Ko Yaya, babbar yayarsa da ke kan keken ɗinki a ƙuryar shagon tun rasuwar mijinta, Na-Soso take kiransa. In ya ɓata mata rai ne take cewa "kai yaro", da furfurarsa da komai.

Ran Talata da ƙarfe takwas wata malamar makaranta ta sa aka sauke wata tsohuwar kujera mai hannu a ƙofar shagon.

"Ta Babana ce," in ji ta. "Ruɗin tsufa ya kama shi, ni ma wani lokaci ba ya gane ni. Amma wannan ya san ta. Ran da muka fitar da ita don wanke ɗaki, a tsaye ya yini har ƙafafunsa suka kumbura. Yanzu yadin ya yage, ƙusa ta fito ta yanke shi."

"Aiki ne mai sauƙi, Malama."

"Yadi kawai. Don Allah kada ka taɓa soson. Ramin da jikinsa ya yi a ciki, shi yake ganewa. Ƙanena ya kai shi asibiti, ƙarfe huɗu za su dawo. Kafin nan ta koma wurinta."

"An gama."

Tana fita waya ta shigo daga wani ofis, kujeru goma sha biyu duk sun karkace. Na-Soso ya maƙale wayar da kafaɗa, baki na magana, hannu na aikin da ya saba. Ya ɓalle yadi, ya ɓamɓare soso, ya cusa a buhun bakin ƙofa. Ƙarfe goma mai filo, wanda ke yayyanka tsohon soso yana cusa wa filo, ya zo kamar kowace Talata, ya saɓa buhun ya wuce.

Sai da rana ta take Yaya ta ɗago daga keke.

"Miƙo soson in gwada rigar."

Na-Soso ya dubi kujerar, katako tsirara. Ya dubi bakin ƙofa.

"Kai yaro. Kada ka ce mini."

"Yaya, hannuna ne..."

"Hannun maƙwabci ne da? Tashi!"

Ya hau babur ko hula bai ɗauka ba. Tun daga farkon layin mai filo yake jin kukan injin da ke yayyanka soso. Ya faɗa rumfar yana ɗaga hannu.

"Kashe! Kashe injin!"

"Lafiya? Zinariya ka manta a ciki?" in ji mai filo.

Suka zazzage buhun. Soson jingina yana nan lafiya, da shatin bayan tsoho a jikinsa. Na zama kuwa ya riga ya shige inji. Mai filo ya damƙo gutsattsarin ya nuna masa.

"Ga shi nan, in za ka iya haɗawa."

Na-Soso bai yi dariya ba. Nan a tsaye ya kira Malama ya faɗa mata kome, bai rage ba.

"Abu ɗaya na roƙe ka," ta ce. "Ɗaya tak."

"Na sani, Malama."

"Ƙarfe huɗu." Ta kashe.

Da ya koma shago da soson jinginar, ya shimfiɗa tsohon yadin a ƙasa, ya durƙusa a kansa. Gefen hagu ya fi koɗewa, ashe tsohon ta hagu yake karkata. Gaba ya sule inda cinya ke sauka. Ya yanko sabon soso, ya zana shatin da alli, ya kama fiƙewa da wuƙa kaɗan-kaɗan. Duk rayuwarsa rami yake cikewa, yau shi ne ke haƙawa.

"Zauna, Yaya."

"Ni ce tsohon?"

"Ke ce kika fi kusa."

"Za ka ci gidanku." Ta zauna, ta karkata hagu. "Ya yi tauri. Sabo ne, kowa zai ji."

Ya sake fiƙewa, ya tattake soson da ƙafa, ya daka shi da guduma. Agogo ya buga uku. Yaya ta ɗauki almakashi ta nufi tsohon yadin. A yadin hannun kujerar na dama akwai wani wuri kamar tafin hannu, ya yi santsi da duhu saboda shafa. Ta yanke shi ta ɗora a kan sabon yadin.

"Haba Yaya! A ce wannan facin daga shagona ya fito?"

"Kai za ka zauna ko shi?"

Keken ya ci gaba da kuka.

Huɗu saura goma aka shigar da kujerar cikin falon Malama. Malama ba ta amsa gaisuwar Na-Soso ba, da yatsa ta nuna gurabe huɗu da ƙafafun suka bari a kan kafet, kusa da taga. Ya daidaita kowace ƙafa a gurbinta, ya ja baya ya tsaya jikin labule.

Aka ji tsayuwar mota. Ƙanen ya shigo riƙe da wani dogon tsoho, da bandeji a ƙafa. Tsohon ya tsaya ya zuba wa kujerar ido.

"Baba, zauna ka huta," in ji Malama.

Ya matsa, ya juya, ya sauka a hankali. Ya motsa hagu. Ya sake motsawa. Fuskarsa ta ɗaure.

"Wa ya zauna mini a kujera?"

Tsohon ya dafa hannayen kujerar biyu zai miƙe. Sai tafinsa na dama ya sauka a kan facin.

Ya tsaya. Babban yatsansa ya kewaya wurin sau ɗaya, sau biyu. Ya saki jiki, bayansa ya shige tsohon shatinsa.

"A buɗe taga," ya ce.

Malama ta buɗe, ta daɗe a tsaye da bayanta gare su. Da ta rako Na-Soso bakin ƙofa ta ce, "Sauran kujerun falon ma suna bukatar riga. Amma yayarka zan yi wa bayani."

"Ya fi," in ji shi.

Tun daga ranar buhun soso ya bar bakin ƙofa, ya koma ƙarƙashin keken Yaya. Mai filo ba ya ɗauka sai ta leƙa ciki. In waya ta yi ƙara kuma, Na-Soso yakan ajiye abin da ke hannunsa kafin ya ce sallama.