Na Sayar da Motar Babana, Na Ce Masa Tana Gareji

Lokacin da wannan abu ya faru ni magidanci ne mai shagon taki da maganin feshi a Kaura Namoda, kuma ni ne babba a gidanmu. Mutum ne ni mai saurin yanke hukunci, in na ga abu daidai ne to magana ta ƙare, ban iya zama ana ta jan zance ba. Ƙannena har tsokanata suke yi wai ko gaisuwa a tsaye nake yin ta. Wannan hali ne ya kai ni ga yi wa mahaifina abin da har yau nake nadamarsa, shi ya sa na ga gara in rubuto muku ko wani zai tsira daga irinsa.

Baba tsohon direba ne. Yana da wata akori-kura da ya ƙare ƙuruciyarsa a cikinta, yana ɗaukar gero da dawa daga garinmu Banga zuwa kasuwar Shinkafi, wani lokaci Zurmi ko Kasuwar Daji. Da ita ya ciyar da mu, da ita ya yi mana aure. Da yanar ido ta hana shi tuƙi sai ƙanena ya karɓi motar, amma kullum a rumfar ƙofar gida take kwana. Ranar da ba a fita da ita ba, Baba zai lallaɓo da sandarsa ya zauna a kujerar direba, ƙafa ɗaya a waje, nan tsofaffin unguwa suke samunsa a yi ta hira har azahar.

To, injin ya tsufa. Hayaƙi take yi kamar ana ƙona bola, baƙin mai kuwa ko an zuba yau gobe babu. Rannan ta mutu wa ƙanena a tsakiyar daji kan hanyar Zurmi. Duk wanda ya san yadda hanyoyinmu suka zama ya san abin da hakan yake nufi, yanzu ba mai tsayawa don ya ga mota ta lalace, kowa ta kansa yake yi. Allah ya kiyaye, aka samu aka jawo ta zuwa garejin wani bakanike a Kaura, tsohon abokin hulɗar Baba. Ya duba ya faɗa min gaskiya, ya ce za a iya sauke injin a sa ringi a lallaɓa, amma ba zai yi min alkawarin za ta ga damina biyu ba, ga kayan irinta sun yi wuya. Ko kuma in sayar wa 'yan gwangwan su yanka, in cika in sayi wata mai ɗan dama. Tun kafin ya rufe baki na gama shawara, don ban ga ƙarfen da ya kai ran ɗan'uwana ba.

Na tafi gida da niyyar in gaya wa Baba. Ko zama ban gama yi ba ya tambaye ni yaushe za a dawo da ita, ya ce in gaya wa bakanike ya bi ta a hankali kada ya yi gaggawa. Sai na ji bakina ya ce ana jiran kayan gyara daga Kano. Washegari na sayar da ita. Na sayo wa ƙanena wata, na ce ya riƙa ajiye ta a gidana a Kaura yana komawa Banga a kan mashin, na kuma ja masa kunne kada ya kuskura ya yi maganar. Inna ta kira ni ɗaki ta ce in ji tsoron Allah in gaya wa mutumin nan, na ce mata yana da hawan jini, tausayinsa nake ji. Wallahi ba tausayi ba ne. Gardama nake gudu, na riga na sa a raina cewa rigimar tsufa zai yi min, ni kuma ba ni da lokacinta.

Ƙarya kuwa sai ta yi ta haihuwa. Yau in ce kayan ba su iso ba, gobe in ce sun iso amma ba irinsu ba ne, jibi in ce bakanike ya tafi ta'aziyya. Baba bai taɓa musa min ba. Kullum da safe yakan lalubi tsintsiya ya share rumfar da kansa, ya hana kowa ɗaure jaki ko kafe mashin a wurin, wai motarsa tana hanya. Da damina ta matso ya sa aka sake wa rumfar zana don kada ruwa ya dake ta in ta dawo. Alhali duk unguwa an sani, don an sha ganin ƙanena da sabuwar motar a kasuwa. Abokansa sai su zauna tare da shi a tabarma, in ya kawo zancen motar su yi masa addu'ar Allah ya kawo ta lafiya, suna kallon ƙasa.

Ranar da asirina ya tonu na kawo shi Kaura ne a duba masa ido. Da aka gama ya ce in biya da shi gareji ya gaisa da bakanike, ya shafa motarsa. Na ce rana ta yi zafi, a bari sai wani zuwan. Na shiga layin karɓar magani, ina fitowa babu Baba. Ashe ɗan acaɓa ya tsayar ya kwatanta masa wurin. Na same shi zaune a benci a garejin, sandarsa tsakanin gwiwoyi, bakanike na tsaye kusa da shi. Shi bawan Allah bai san da wata ƙarya ba, yana ganin Baba sai ya shiga yi masa jaje, har yana ba shi labarin yadda ya kasa tsayawa kallo ranar da aka zo ɗaukarta. Na so ƙasa ta tsage in shige. Baba bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi in mayar da shi gida kada la'asar ta same mu a hanya.

Daga ranar ya daina fitowa ƙofar gida. In abokansa sun yi sallama sai ya aika a ce yana hutawa. Ko maganin ido ne ya ƙare ba ni yake aika wa ba. Da abin ya ishe ni na je na durƙusa a gabansa ina neman gafara, ina ta kawo hujjar hanya da tsadar gyara. Ya bari na gama tas. Sannan ya ce ai shi tun daga ƙarar injin ya san ta gama yayi, ido ya rasa ba kunne ba, kuma da na tambaye shi shi ne zai fara cewa a sayar, don ba zai sa ɗansa a bakin 'yan bindiga saboda ƙarfe ba. Ya ce abin da ya ci masa rai shi ne na bar shi yana sharar wurin da babu abin da zai dawo, a gaban tsararrakinsa, kowa ya sani sai shi. Sai ya tambaye ni me na gani a tare da shi da ya sa na yanke cewa ya wuce a gaya masa gaskiya. Ya ce ya yafe min duniya da lahira, in tashi in tafi. Bayan kaka Allah ya karɓi abinsa, bai sake zama da abokansa a waje ba.

Har gobe ban ce sayar da motar kuskure ba ne, injin da ya gama ya gama. Kuskurena shi ne na ɗauki tsufa a matsayin ƙarewar hankali. Don Allah masu iyaye a raye, in shawara ta taso kan abin da suka sha wuya suka samu, mota ce ko gona ko gida, ku zauna ku faɗa musu yadda abin yake, ko za a yi faɗa a yi shi a gama. Kada ku yanke a bayansu ku kira shi tausayi. Ni na ji yafiyar Baba da kunnena, amma tambayar da ya yi min har ya bar duniya ban ba shi amsarta ba.