Kawu Lado da Hoton Mai Haƙar Kuza

Kawuna Lado ya shekara talatin da biyu yana ɗaukar hoto a Kiru, a wani ɗan shago kusa da tasha. Ya fara tun ana wanke fim a ɗaki mai duhu, yanzu kuma da kwamfuta yake aiki. Ba shi da yawan magana, shi ya sa nake son zama wurinsa idan na dawo hutu daga jami'a.

Ba ya ɗaga kyamara sai ya zauna ya ƙare wa mutum kallo. Amarya da lallenta, ko makiyayin da ya zo da jan bijiminsa, hoto mai kala yake musu. Amma yakan ce akwai fuskar da kala ke ɓoyewa.

Bara bayan kaka wani direba mai suna Nasiru ya kawo mahaifinsa, Baba Mudi, daga Riruwai. Tsohon ya haura tamanin, a ramin kuza ya ƙare ƙuruciyarsa. Da ƙyar ya yarda a ɗauke shi, ya kuma ce sau ɗaya ne, kada a sake roƙonsa. Nasiru ya ɗinka masa shuɗiyar shadda, yana son mai kala, a sa furanni a baya.

Kawu bai kalli shaddar ba. Hannuwan tsohon ya tsura wa ido, duk tabo, ga yatsa ɗaya a tanƙware.

"Baba, ɗora su a kan sandarka," ya ce.

Ya fitar da hoton iri biyu, aka bar shi a kan Baba zai zo ran Juma'a ya zaɓa. Na baƙi da farin ya yi wa Kawu kyau har ya rataye shi a ƙofar shago.

A nan ya yi kuskure. A wajenmu, idan aka ga hoton dattijo babu kala, an san rasuwa aka yi. Wani ɗan acaɓa ya ɗauke shi a waya ya tura wa mutanen Riruwai. Kafin la'asar masu gaisuwa sun cika ƙofar gidan Baba Mudi, suka tarar da shi a gindin mangwaro yana cin gasasshiyar masara.

Washegari Nasiru ya iso ransa a ɓace.

"Malam Lado, ka kashe mana uba da ransa. Ka yaga hoton nan yanzu, in ba haka ba duk tashar nan sai ta san irin aikinka."

Kawu ya sauke hoton, ya ba shi haƙuri. "Laifina ne. Amma ba zan yaga ba sai mai fuskar ya gani."

Ran Juma'a Baba ya shigo yana dogara sanda, Nasiru na biye da shi.

"Ina wanda ya kashe ni?"

Kawu ya durƙusa. "Ga ni, Baba. A gafarce ni."

"Tashi. Habibar da ta ƙi ni shekara sittin da suka wuce, har da ita a masu kuka. Ai godiya na zo yi."

Aka miƙa masa mai kalar. Ya juya shi, ya ce, "Wannan hoton rigar Nasiru ne." Sai ya karɓi ɗayan. Ya ɗora yatsarsa a kan tanƙwararriyar yatsar da ke cikin hoton.

"Nan dutse ya faɗo mini a rami. Da hannun nan na ciyar da ku, Nasiru. Wannan ne ni."

Nasiru ya sunkuyar da kai.

Baba ya tafi da nasa, ya ce a wanke wani a mayar ƙofar shago. Kawu ya mayar, yana nan har yau. A ƙasansa ya rubuta da hannunsa: Baba Mudi na Riruwai, yana nan da ransa.