Zaren da Kakata Ta Kaɗa wa Kanta

Tun kafin Nasara su shigo ƙasar nan, a gidanmu na Bakura, ƙarar mazarin kakata ce ke sa ni barcin rana. Takan zauna a inuwar rumbu, ta shafa alli a yatsu, ta murza, zare ya riƙa fita daga auduga siriri kamar yanar gizo. Ina kallo har idona ya lumshe, in ga kamar gajimare take jawowa daga sama.

Likkafaninta take kaɗawa. Ta rantse ba za ta kwanta cikin zaren wata mace ba, ga shi kuwa yanar ido ta fara rufe mata gani. Kullum tsoronta kada duhu ya riga ta.

Tsohuwar akwai tsiya. A wurinta kowane zare da halinsa. Rama baƙauyiya ce, sai igiyar jaki. Tsamiya, alharinin tsutsar daji wadda 'yan'uwanta ke aiko mata daga dajin Maradun a dafa da toka, ƙarfi gare ta da sheƙi, amma girman kai ya hana ta shan baban rini, sai dai adon rigar manya. Alharinin fatake kuwa baƙo ne, ba ta san asalinsa ba. Auduga kaɗai ta yarda da ita, don tana shan gumi, tana shan ruwa, ba ta ƙin kowa. Innata, 'yarta ta fari, takan tsokane ta cewa mai shirin tafiya haka ba ya tafiya da wuri.

A lokacin kaka aka kai zaren wurin wani masaƙi a Mafara, ya dawo fari sol. Ta shafa shi da tafin hannu, don lokacin ido ya tafi. Ban taɓa ganin ta da farin ciki irin na ranar ba.

Kafin damina ta faɗi, Inna ta rasu wurin haihuwa. Ana neman abin suturta ta, kakata ta lallaɓa ta jawo ƙunshin likkafaninta daga ƙarƙashin gado.

"Ku sa ma ɗiyata. Wanga ya hi laushi."

Bayan an share makoki na same ta a inuwar rumbu, tana lalube a ƙasa. Ta ji motsina.

"Jika, miƙo man allina," in ji ta. "Ki zamna kusa, in zaren ya tsinke ki hwaɗa man."